Yatsa Ma Harshe Ne

Dattijon ikkilisiya ya tura wa 'yan'uwa hoton ta waya: shugabar mawaƙa tana shiga mashaya. A ƙasa ya rubuta, "A sa ta a addu'a." Shi ne fa ya koyar ranar Lahadi cewa manzo ya kira harshe wuta, amma a ganinsa ai bai buɗe baki ba.

Kafin yamma an dakatar da ita. Ta same shi a shagonsa yana goge katako.

"Baba, ka ƙone ni."

"Ƙarya na yi miki? Kin shiga ko ba ki shiga ba?"

"Na shiga. Da mai hoton ya ɗan jira, da ya ga fitowata, riƙe da ɗanka yana amai a kafaɗata."