Igiyar Tana Ciki

Kwalekwalen ya kife, kogin Asi ya rufe kan Nuhad.

Kanta a ƙasa, ƙafafunta a sama cikin jirgin, rufin robar da ke ɗaure a ƙugunta kuma ya kama bakin kwalekwalen gam. Ta kai hannu gaba, inda igiyar da ake fizga rufin ya saki take zama. Babu igiya. Tana can ciki, ƙarƙashin robar.

Ba ta firgita ba. Ta jima rabonta da tsoro, ko da wani abu ma da ake ji a zuciya. Sanyin ruwan kawai ta ji yana shiga haƙoranta.

Ta buɗe ido. Ruwan kore ne, a kwance, ba ya ko gudu. Ga ƙafafun Gassan nan kusa, ƙanen mijinta, wanda ke koya wa baƙi tuƙin kwalekwale a garin Harmal. Makon jiya ta same shi ta ce ya koya mata. Ya ƙi, ta nace. Ya ɗauko mata ƙaramin jirgi daidai jikinta, ta ce a'a, jan nan na bayan rumfa take so, duk da ya yi mata girma. Yau kuma sai da ta sa ya rantse ba zai taɓa ta ba, sai in ta bubbuga gindin jirgin.

Ba ta bubbuga ba.

Ta duƙa, goshinta ya kusa taɓa jirgin, kamar yadda ya nuna mata a kan tudu. Ta bi bakin kwalekwalen da yatsu har gefen ƙugunta, inda robar ta fi sassauci. Ta tsunkule ta, ta ja. Ta suɓuce mata. Sanyi ya sa robar ta yi tauri, yatsunta kuma kamar na wani.

Ƙirjinta ya fara zafi. Ta sake kamawa, farce ya karye. Ƙafafun Gassan suka matso, suka tsaya, suka ƙara matsowa. Maƙoshinta ya soma neman iska da kansa, ba tare da ya tambaye ta ba.

Ta tattara robar cikin tafin hannu, ta ja waje, sannan sama, ta doka gwiwa daga ciki. Rufin ya saki. Ta dafa jirgin da hannu biyu ta zare ƙafafunta.

Ta taso tana tari, ruwan iya ƙirji. Masu gasa kifi a bakin kogin, da suka tsaya kallo, suka kau da kai suka koma kan garwashinsu.

"Kin haukace ne, matar yaya?" Gassan ya damƙi kafaɗarta. "Ina igiyar? Da hannuna na bar ta a waje!"

"Ni na tura ta ciki."

"Ke kika... Haba! So kike in je in ce wa 'ya'yanki me?"

Ta dubi yatsan da ke jini kamar ba nata ba.

"Ashe ba wuya," ta ce.

"Da wuya mana. Sa'a kika ci."

"Gassan, dube ni. Wa ya koya maka wannan dabarar?"

Ya saki kafaɗarta. Ya juya ya kama jirgin yana zazzage ruwan da ke ciki, ya daɗe yana zazzagewa bayan ruwan ya ƙare.

"Yaya Nizar," ya ce da ƙyar.

"Ya iya ta sosai?"

"Ido rufe yake yi. Mu tafi gida, don Allah."

Nuhad ba ta motsa ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ji komai ba sai ruwan da ke ratsa baƙaƙen tufafinta. A daidai nan aka tsinci gawar Nizar watannin baya, a kife cikin wannan jan kwalekwalen, igiya a ciki, kuma dangi kaf suka ce mata ƙaddara ce, in igiya ta shige babu mai fita. Ita da ba ta taɓa zama cikin jirgi ba sai makon jiya ta fito a gwajin farko. Mijinta, wanda ya koya wa duk kwarin nan dabarar, bai so fitowa ba ne.