Fatsar Joji

"Dagaci, wacce ta fi?" in ji Joji, Baturen rangadi, bayan ya jera sandunan fatsa uku a bakin kogi.

Dagaci Tukur bai taɓa riƙe fatsa ba. Abin da ya sani shi ne tun da Baturen nan ya sauka Kurmin Kogi kajin gari ke ƙarewa, kuma Baturen ya rantse ba zai koma Zariya ba sai ya kama kifi, shi da bai ma gama koyon jifa ba.

"Zaki, doguwar. Kifinmu ba ya ganin girman gajeriyar sanda."

Ya zaɓa masa babbar ƙugiya, da keken naɗe zare, da jan toto mai yawo a kan ruwa, wanda ko makaho zai hango. Doguwar ce kaɗai za ta kai cikin ciyayi, inda Tukur ya sa Lado masunci ya laɓe, ruwa har wuya, da kwandon tarwaɗa masu rai da zai riƙa maƙala wa ƙugiya.

Toto ya nutse. Joji ya ja, sai ga tarwaɗa. Ya sake jefawa, sai ga wata. Kafin la'asar kwando ya ƙare, Tukur har ya aika a ɗaura wa dokin baƙo sirdi.

Joji ya share gumi. "Dagaci, ban taɓa ganin kogi irin naka ba. A gina mini bariki a nan. Ran Asabar abokaina shida za su zo, kai za ka zaɓa wa kowa fatsa."

"Mun gode, Zaki," in ji Tukur, yana tunanin mutum nawa ne a garin suka iya nutso.