Ranar da Matan Coci Suka Zaɓi Barcelona

"Madrid za mu!" Obdulia ta buga tebur har kofunan gahawa suka yi tsalle. Sagrario kuwa sunan garin da ba ta son ji ke nan.

Kowace shekara idan an gama tsinkar zaitun, ƙungiyar matan cocin ƙauyensu takan yi hayar bas a tafi buɗe ido. Bana birni biyu suka rage, Madrid da Barcelona. Duk ƙauyen kuwa an san Fermín, ɗan Sagrario, babban ɗan wasa ne a wani katafaren gidan wasan kwaikwayo na Madrid. Ita ta faɗa, ta kuma yi ta maimaitawa har ita kanta ta kusa yarda.

Gaskiyar kuwa da idonta ta gan ta. Ranar da ta kai masa ziyara ba sanarwa, a tsakiyar dandali ta tarar da shi tsaye bisa akwati, ya shafe jikinsa da fenti ruwan azurfa tun daga gashi har takalmi, ya sandare ya zama mutum-mutumi. Duk wanda ya jefa kwabo a gwangwaninsa sai ya rusuna masa. Yara na ja masa riga suna dariya. Ta komo gida kunya kamar ta nutse. Tun daga nan abin da take iya yi masa shi ne aika masa man shafawa saboda fentin na cin fata, shi ma sai ta yi sammako, don akwai wata da take riga ta kwashe shi a kantin maganin ƙauyen.

To yanzu a kwashi matan nan masu baki kamar reza a zube su a wannan dandali? Ina!

"Me ke Madrid ban da zafi da hayaƙin mota?" in ji Sagrario. "Barcelona ga teku, ga iska, ga cocin nan da tun kakanninmu ake gininsa."

"A shekarunki me za ki yi da teku, wanka?" Obdulia ta harare ta. "Madrid ga fada, ga gidajen zane-zane, ki sayi abin sha a haɗo miki da abin taɓawa. Ba ki son mu ga ɗanki ne?"

"Fermín ba shi da lokacin kansa. Ke fa? Ba a Barcelona 'yarki take lauya ba?"

"Noelia kullum tana kotu," Obdulia ta faɗa tana gyara kofin da ba abin da ya same shi.

Sagrario ba ta zauna ba. Gida-gida ta bi da farantin kek, tana tuna wa masu ciwon ƙafa tsawon titunan Madrid, masu tari kuma tana yi musu tallar iskar teku. Ranar ƙuri'a Barcelona ta ci da ƙyar. Obdulia ta fita ko sallama babu.

Da suka isa, sai ga Obdulia da ciwon gwiwa. Ta ce su je kawai, ita za ta jira a mota. Sagrario ta taɓe baki, ta ɗauka zafin kaye ne, ta shige gaba ranta fes, ta ja matan suka gangara babban titin da ya nufi bakin ruwa.

Can kusa da ƙarshensa suka ci karo da wata mace bisa akwati, jikinta duk fentin zinariya, da fukafukai, ko ƙifta ido ba ta yi. Matan suka kewaye ta suna tafi. Sagrario ta tuno Fermín bisa akwatinsa. Gani take duk wanda ya dubi fuskarta zai karanta asirinta, don haka ta fi kowa ɗaga murya.

"Ku dubi lalaci! Mace da ƙarfinta ta zo ta ƙame tana bara da fenti!" Ta ciro kwabo ta wurga a gwangwanin matar. "To, rusuna mana. Ni dai uwar da ta haifi wannan nake tausayi, da wane ido za ta dubi mutane?"

Dariya ta ɓarke. Sagrario ta taya su da dariyar dole.

Mutum-mutumin ya rusuna a hankali kamar yadda aka saba. Sai dai bai koma ya ƙame ba. Hawaye suka tsaga fentin, leɓunan zinariya suka buɗe, muryar Noelia ta fito tar, ba wadda ba ta ji ba.

"Uwata kin san ta, Goggo Sagrario, ƙauyenku ɗaya. In kin je Madrid ki gaida mini Fermín, shi ya koya mini sana'ar."