Direban da Ya Tsaya Gaban Motarsa

Tunda ka ce gyaran da aka yi maka ne ya hana ka sukuni, zauna in ba ka misalin wani direba da har gobe nake jinjina wa. Bas yake ja a hanyar Mambila, inda da damina gajimare kan sauko ya kwanta a kan titi har ka kasa ganin hancin motarka. A irin wannan hanya babbar fitila ba ta da amfani, kana kunna ta sai farin bango ya tsaya maka a gaba. Ƙananan fitilun hazo na ƙasan bamba su ke nuna wa mutum gefen kwalta, kuma bayan gefen nan babu komai sai rami. To direban nan yana da wani abokin adawa a tasha, sun daɗe ko gaisuwa ba sa yi saboda rikicin layi. Wata safiya ana cikin yi masa lodi, sai abokin adawar ya zo a gaban jama'a ya ce masa jiya sun yi kiciɓis a kwana, bai ga fitilunsa ba sai da suka kusa gogar juna. Nan take 'yan kamasho suka hau zuga, wai kada ya saurara, so ake ya bar layi a kwashe masa fasinja. Maganar ta yi masa zafi, ai mutum ne. Amma sai ya tuna cewa duk shekarun da ya yi yana tuƙi, bayan fitilun yake zama, bai taɓa ganin su ta gaba ba. Ya kunna su, ya sauka ya taka da nisa, ya juyo. Abin da ya gani bai fi aci-balbal biyu ba. Ya dawo ya ba fasinjoji haƙuri, ya nuna musu motar abokin adawar, ya ce, "Ku shiga tasa. Tawa yau ba ta isa ɗaukar rai ba."

Wannan hali nasa shi ya burge ni, ga kuma yadda ya yi gyaran. Wasu suka ce ya sa ƙwai mai ƙarfi kawai a wuce wurin, ya ƙi, don ya san yana iya ƙona waya, kuma gilashin da ya dushe ko rana ka sa a bayansa ba zai nuna ba. Ya zauna da samfefa mai laushi da ruwa yana goge gilashin har launin ɗorawar nan ya fita, ya kankare tsatsar da ta ci bakin waya, ya sauya ƙwayayen da irin nasu, sannan ya sunkuyar da fitilun ƙasa, don girgizar hanya ta sa suna kallon sama. Ana ta yi masa dariya, wai ya wuni yana yi wa mota kwalliya kamar amarya. Ba a daɗe ba, wata safiya bayan an sha ruwan sama, yana gangarowa da mota cike, mata da goyo a baya, sai hasken ya bi kwalta ya nuna masa inda ta ƙare. Ruwa ya zaftare rabin titin. Ya taka birki, motar ta tsaya dab da bakin ramin. Ya sauka ya karyo ganye, ya koma baya yana jerawa a kan hanya yadda direbobi ke yi. Mota ta farko da ta ci birki a kan ganyen ta abokin adawarsa ce. Mutumin ya fito ya leƙa ramin, ya dubi fasinjojinsa, sai ya miƙo wa direban hannu.

Ka ga da direban nan ya tsaya auna wanda ya faɗi maganar, da motoci biyu ne a ƙasan dutsen. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.