Yarinya Mai Miƙa Kaba

Zauna, Ɗan'azumi. Na ji wai gobe za ka kai ɗanka a yi masa hayaƙi don ba ya kallon mutane a ido. To, ka ji wannan tukuna.

An yi wani masaƙin tabarma da 'yarsa. Shekararta bakwai ba ta gaisuwa, ba ta haɗa ido da kowa, in injin niƙa ya tashi sai ta toshe kunnuwa tana rangaji. A asibiti sun ce masa galahanga ce: tun a ciki ƙwaƙwalwarta ta ɗauko wata saƙa daban, abin da kai ka ji ƙara, ita tsawa ce. Shi da ya san kaba ɗaya ke ba da tabarma ta ba da malafa, ai shi ya kamata ya fara ganewa! Kuma ga abin da take yi masa: kullum da hantsi ta zauna jikin gwiwarsa tana ɗan guna-guninta, ta ware kaba ja gefe, koriya gefe, kafin ya buɗe baki ta miƙo masa launin da zanen ke nema. Gaisuwarta ke nan, wawan bai sani ba.

Ran nan wani baƙo ya zo, ya ce, "Malam, 'yar taka ba ta iya durƙuso ba ne?" Maganar wanda ko kwana ba zai yi a garin ba! Sai kunya ta kama masaƙi. Ya damƙi haɓarta yana juyo fuskarta, ya tsinka mata kabar da take ware masa. Da hakan bai yi ba, ya kira mai magani, aka lulluɓe ta da bargo, aka banka mata hayaƙin barkono, wai a kori iska. Wace iska? Gaisuwa dai ba ta zo ba har yau. Guna-gunin ya ɗauke. In ta ji takunsa sai bayan rumbu. Yanzu yakan zauna saƙa ya miƙa hannu gefe bisa sabo, ya dawo da shi wayam.

Ɗanka yana kawo maka takalmanka kowace safiya ya jera su daidai, na gani da idona. Kai ne ba ka amsa gaisuwar ba. Ka kai shi hayaƙin in ka ga dama, amma Hausawa sun riga sun faɗa: garin gyaran gira, a rasa ido.