Wa Ke Taɓa Min Kwamfuta?

Manhajar rubutun ta sake ɗaukewa ina tsakiyar jimla. Karo na huɗu ke nan yau.

Tun da na yi tafiyar nan, daga nesa nake shiga kwamfutar da na bari a falo, ina ƙarasa littafina. Wani lokaci in yi awa biyu lafiya lau, wani lokaci layi ɗaya sai shafin ya ɓace ɓat. Na zagi intanet har na gaji. Mai gyara kuwa ko wayata ba ya ɗauka.

Sai na lura ba ta taɓa ɗaukewa in babu kowa a gida.

Raina ya ɓaci. A saman shafin, inda ni da matata muka saba bar wa juna saƙo, na rubuta: "Wa ke taɓa min kwamfuta?"

Haruffa suka fara fitowa a hankali, ana gogewa ana sakewa.

"Baban yara, ni ce nake rufewa. Auta firgita take in ta ga allon yana rubutu shi kaɗai. Don Allah ka huta haka. Wata uku ke nan da muka binne ka."