Luguden Turmin da Babu Gero

Kai Jatau, ka dage wai mai dakaru ba ya faɗuwa. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wani sarki mai ƙishirwar yaƙi. Ya ɗaura yaƙi da maƙwabtansa, ya bugi ƙirji ya ce kafin kaka an gama. Kaka ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kamar cin ƙwan makauniya. Aka kwashe samari, gonaki suka zama saura. Aka kwashe jakuna, fatake suka ɗauke ƙafa, gishiri ya koma sai gidan wane da wane. Maƙera suka bar ƙirar fartanya suka kama ta mashi. Abin da dā zai saya maka akuya, yanzu ko mudun gero sai ka haɗa da magiya. Talakawa suka yi ta haƙuri, suna cika ciki da tafasa da rama.

A garin akwai wata mai fura, Tasalla, wadda ba abin da ya rage mata sai damin iri guda a rataye cikin ɗaki. Ka san halin manomi: zai kwana da yunwa, zai sayar da rigar wuyansa, amma ba ya taɓa iri, don iri shi ne baɗi. Hadari ya fara haɗowa ke nan sai aka yi shela cewa dawakin yaƙi ba su da abinci, kowa ya kawo irinsa. Dogarai suka shiga har ɗakinta suka sauke damin. Wallahi abin ya ƙona mata rai, amma ko hawaye ba ta yi ba. Ta mirgino turminta ƙofar gida, ta ɗau taɓarya ta hau daka, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Turmin wofi kuwa amonsa daban ne, duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san shi. Maƙwabciyarta ta leƙo, ta gane, ta ɗauko tata taɓaryar suka kama lugude. Kafin rana ta take, unguwa ta amsa wa unguwa. Mata suka ɗauki turame a ka suka nufi ƙofar fada, masaƙa da majema da tsofaffi masu dogara sanda suna biye, har fili ya rasa masaka tsinke.

Sarki ya fito a fusace ya ce a harbe su. Dakarun tsaron fada suka ɗana kibau, sai dai su ma rabonsu da ƙoshi tun bara, kuma duk inda mutum ya auna sai ya ga goggonsa ko matar wansa. Wani daga cikinsu ya hango uwarsa, gumi na zuba tana daka iska. Ya sauke baka ya ce, “Ranka ya daɗe, a turmin can aka daka kunun da aka yaye ni da shi.” Ya ajiye kwari a ƙasa. Na kusa da shi ya ajiye, na gaba ma haka. Su da kansu suka ɓalle ƙofofin rumbunan fada. Gogan naka da ya ga ba sarki sai Allah, ya sulale ta ƙofar baya, ko takalmi bai tsaya nema ba.

Dattawan gari suka karɓi mulki, suka aika a yi sulhu, samari suka dawo gida ana ta guɗa. Aka mayar wa kowa irinsa. Tasalla ta gane daminta da irin ɗaurin da take yi, ta rungume shi tana dariya. Da ruwan shuka ya sauka, gari kaf yana gona, tsofaffin dakaru na saran rami da sungumi, ita tana bi tana zuba iri tana takewa da diddige.

To ka ji, Jatau. Kibiya ɗaya ba a harba ba, mulki ya kife. Shi ya sa Hausawa suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.